Ranar da Muka Kai Kaka Bakin Komadugu

Jama'ar wannan zaure, sannunku da jira. Masu turo mini saƙo suna tambaya ko na amsa wa Muzammil, ku gyara zama tukuna, don abin da ya faru Asabar ɗin da ta wuce ya fi ƙarfin i ko a'a.

Wadda yau ta fara karanta ni, sunana Khairat, shekarata ashirin da shida, ina sayar da magani a wata farmasi cikin garin Diffa. Ba a nan aka haife ni ba. Ƙauyenmu yana gabas, wajen Tumur, a bakin Komadugu, inda babana yake noman tattasai. Ina budurwa ƙarama muka baro shi da kayan jikinmu, shekarar da ƴan bindiga suka addabi kwarin. Baba bai daɗe ba bayan zuwanmu ciwo ya ɗauke shi. Saura ni da mahaifiyata Ya Fati, da kakata Ya Kolo wadda kowa ke kira Kaka, a ɗaki biyu da rumfa cikin gidan ƙanen babana, Baba Goni.

Muzammil kuwa ɗan kasuwa ne a Yamai, tayil da fenti yake sayarwa. Mahaifinsa, Alhaji Mainasara na Damagaram, shi ne yake zuwa da babbar mota yana sayen tattasan babana a da. Tun bayan ƙaramar salla yake nemana. Babu wanda ya ce dole, kada ku ɗora wa gidanmu laifin da bai yi ba. Amma akwai tambayar da in ana yi maka ita kullum da murya mai sanyi, ta fi tsawa nauyi.

Ranar Juma'a da yamma Ya Fati tana zaune a rumfa, ta kifa kwando kan kaskon turaren wuta, tana shimfiɗa lafayoyinta a kai ɗaya bayan ɗaya. Da Kanuri muke magana a gida, ni ce nake juya muku.

"Goni ya sake tambayata," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Mutanen nan sun ce da an gama tsinkar tattasai za su turo manya. Me zan gaya masa?"

"Ya, in na tafi Yamai wa zai kula da Kaka?"

"Ni na mutu ne?"

"Ba haka nake nufi ba. Ni ce na san lokutan maganinta."

Ta juya lafayar, ta ɗaga kai ta dube ni irin kallon da yake sa in ji kamar na saci nama a tukunya.

"Kaka ce, ko malamin yawon nan?"

Na tashi na shige ɗaki, wai zan duba caji.

Bari in gaya muku waye malamin yawo. Mushe Abbakar, haka muke kiran malamin boko a nan, yana koyar da tarihi a wata kwalej ta garin nan. Shi ya fara haɗa mutane ranar Asabar, sau ɗaya a wata, ya sa wa tafiyar suna Mu San Gida. Ƴan makaranta, ma'aikatan biro, wato ofis, matan aure, har baƙin da aikin ƙungiyoyi ya kawo, mu taru mu taka da ƙafa, mu zauna gaban tsofaffi su ba mu labarin yadda wuri yake kafin a haife mu. Mun taɓa cika mota har Maine-Soroa, muka gangara kwarin dabino, muka ga inda ake kwasar kanwa. Ƙawata Firdausi ce ta fara jana, ni kuma na zarce. Abbakar dogo ne, siriri, rigarsa ta sanyi guda ɗaya ce kowa ya san ta, kullum da alli a bakin hannunta. In yana magana a kan tsohuwar rijiya sai ka rantse kakarsa ce. Amma ni, tun da na san shi, bai taɓa gaya mini abin da ya wuce "kin isa gida lafiya?" ba. To me zan ce wa Ya Fati? In ce ina jiran mutumin da bai ce in jira shi ba?

Wannan karon bakin kogi za mu je. Ya ce ya samo izini wurin sojoji, da sharaɗin mu dawo kafin la'asar. Ya kuma roƙe ni in tambayi Kaka ko za ta zo ta ba mutane labarin yadda ake ƙetare ruwa a zamaninsu. Kogin nan yana kudu da gari, ba nisa, amma Kaka ba ta sa shi a ido ba tun ranar da muka gudo. Da na gaya mata sai ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce in fito mata da akwatinta na ƙarƙashin gado.

Ina cikin haka salulata ta yi ƙara. Muzammil ne. Ya turo hoton kicin ɗin gidan da yake ginawa, tayil fari tas har bango.

"Ya yi miki?"

"Ya yi kyau. Allah ya sa albarka."

"Gobe me kike yi?"

"Yawonmu na tarihi."

"Wane tarihi ne a Diffa da har yanzu ba ku gama zagaye shi ba?" Ya haɗa da fuskar dariya guda uku.

Na kifa salular a kan katifa. A raina na ce, ka ji ko, wannan shi ne mutumin da ake so in bi.

Da safe Kaka ta riga kowa shiri. Ta ɗaura tsohuwar lafayarta baƙa mai ratsin shuɗi, wadda rabon da in gan ta a jikinta tun bikin wata ƴar'uwarmu a ƙauye. Ta sa ƴan kunnenta na azurfa masu nauyi, ta shafa humra har bayan kunne, ta ce in ja mata kwalli don hannunta yana rawa. Ni kuwa atamfa koriya na sa, ɗinki marar hayaniya, da mayafi ruwan toka da takalmin basket, irin na ƴan wasa. Ya Fati ta zuba mana dabino da ruwa a jaka tana wani murmushi da ban gane kansa ba sai daga baya.

A gaban meri, ofishin magajin gari, muke haɗuwa. Mun kai mu ashirin da wani abu, keke-keke sun jeru suna jiranmu. Abbakar ya durƙusa har ƙasa ya gaida Kaka da Kanuri, ta dafa kansa. Ina gyara mata mayafi Firdausi ta mintsine ni a hannu.

"Khairat, wancan mai farar shaddar ba shi ne na cikin salularki ba?"

Na juya. Muzammil ne tsaye a bakin kwalta, shadda fara ƙal sai ƙyalli take, hula ta zauna daram, takalmi baƙi mai tsini kamar za shi ɗaurin aure. Ashe lokacin da yake turo mini hoton kicin yana Damagaram, a hanya.

"Ya Fati ce ta gaya mini inda zan same ku," ya ce bayan ya gaida Kaka. "Na ce bari in zo in ga tarihin da ido."

Abbakar ya miƙa masa hannu. "Sannu da zuwa. Ɗan'uwanku ne, Khairat?"

"Baƙonmu ne daga Yamai."

"To madalla. Katinka na ɗan ƙasa yana aljihu? Akwai shinge a gaba." Ya dubi takalmin, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya fasa.

Mun fara da tsohuwar unguwa, Diffa Kura, muka bi lunguna, wani dattijo ya nuna mana inda ya ce kasuwa take ci lokacin yana yaro. Gaskiya ban ji rabin abin da ya faɗa ba. Abbakar yana gaba yana bayani, Muzammil yana baya riƙe da tabarmar Kaka a hammata, ni ina tsakiya kamar wadda aka ba ajiyar wuta.

Daga nan keke-keken suka kai mu har shinge. Sojoji suka duba katunanmu, suka ƙirga mu, suka maimaita maganar la'asar. Sauran tafiyar da ƙafa ce, ta cikin gonaki.

Ƴan'uwa, ban san na yi kewar warin nan ba sai da ya buge ni. Tattasai shanye a ƙasa, ja wur, fili bayan fili, yajinsa yana shiga hanci har baƙin suka fara atishawa. Can nesa injin ban ruwa yana ta tuf-tuf-tuf, ruwa yana bin ƴan hanyoyinsa tsakanin kunya-kunya. Mata sun duƙa suna tsinka, buhuna a tsaye kamar mutane. Haka gonarmu take. Haka nake zama a kan buhu ina cin gasasshen kifi da hannu biyu, Baba yana ce mini in bar wa kyanwa ƙaya.

Kaka ta fara gajiya, sai Muzammil ya ba ta hannu ta dafa. Ba a yi nisa ba takalminsa ya nutse a laka har idon sawu. Ƴan makaranta suka ƙunshe dariya. Shi ma ya yi dariyar, ya cire takalman ya riƙe a hannu, ya naɗe wandon shaddar zuwa gwiwa, ya ci gaba da tafiya ba takalmi. Na lura ba ya taka kunya, gefen hanyar ruwa yake bi, irin takun wanda ya san gona. Na yi mamaki.

Sai ga ruwan. Bai cika kamar na lokacin kaka ba, ya fara ja baya, amma yana nan yana tafiya a hankali ƙarƙashin itatuwa, ɗaya gaɓar kusa ƙwarai har kana ganin shanu suna sha a can. Kaka ta saki hannun Muzammil. Ta taka ita kaɗai har bakin ruwa, ta tsuguna da ƙyar, ta ɗiba ta wanke fuska, kwallin da na ja mata ya zubo. Ta ƙara ɗiba ta kurɓa.

Da aka shimfiɗa mata tabarma ta zauna, Abbakar ya tsuguna gefenta yana juya maganarta da Hausa.

"Ni daga wancan ƙetaren aka kawo ni," ta ce, ta nuna da haɓa. "Ba nan daidai ba, can ƙasa wajen garinmu. Lokacin babu wanda yake tambayarka kati. Manyan gora ake ɗaurewa da sanduna, a shimfiɗa tabarma a kai, amarya ta zauna. Samari su shiga ruwa suna iyo suna turawa. Mata suna guɗa a bayana, wasu matan suna guɗa a gabana, ni kuwa ina kuka a tsakiya. Tukunyar turarena ta faɗa ruwa, wani yaro ya nutsa ya ɗauko ta, ashe ƙanen mijina ne. Har ya tsufa ina kiransa Mai Tukunya."

Aka yi dariya. Ta ba da labarin shekarar da ruwa ya cika har aka kama kifi a bakin masallaci, da yadda ake jera banda a rana, da ranar kasuwa da mutanen ƙetare suke zuwa da naira a aljihu ɗaya sefa a ɗayan, a yi ciniki a ci tuwo a gidan suruki a koma. Tun Abbakar yana juyawa har ya bari, don na ga ko waɗanda ba sa jin Kanuri sun daina kallonsa, ita suke kallo.

Wata ƴar makaranta ta ɗaga hannu. "Kaka, in an samu lafiya za ki koma?"

"In tarar da wa, ƴata? Wasu suna bakin kwalta cikin rumfunan leda, wasu suna nan gari, wasu suna ƙasa. Mijina dai yana can kwance, shi kaɗai ne bai gudu ba."

Sai na ji muryar Muzammil daga bayana, da wata karyayyar Kanuri da ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Ya Kolo, tsamiyar nan ta bakin mashigi, tana nan lokacin da kuka taso?"

Kaka ta juyo ta ƙura masa ido. "Kai ina ka san tsamiyar mashigi?"

"A ƙarƙashinta motar babana take tsayawa. In an ba mu hutun makaranta yakan taho da ni. A zaurenku muke kwana."

"Kai ne yaron Mainasara mai tsoron kwaɗi?"

"Ni ne."

Kaka ta tafa hannu tana dariya har da tari. Na san mahaifinsa ya san garinmu, amma shi kansa bai taɓa gaya mini ya taka shi ba.

Da mutane suka watse suna ɗaukar hoto, ya matso ya tsaya nesa kaɗan da ni, takalmansa har yanzu a hannu.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?" na tambaye shi.

"Zuwana na farko gidanku Baba Goni ya ambaci garin, na ga yadda fuskarki ta koma. Sai na ɗauka ba kya so a tuna miki. Shi ya sa nake ta turo miki tayil." Ya ɗan yi murmushi. "Maganar jiya ma tsokana ce, ban iya ta ba."

Ya dubi ruwan, ya ci gaba.

"Babanki ne ya koya mini iyo. Kina goye a bayan Ya Fati lokacin. Ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin cikina ya ce in buga ƙafa, ina ta bugawa, ashe ya daɗe da janye hannun. Kuma kin tuna abin da yake kiran injinsa na ban ruwa? Hajiya. In ta ƙi tashi da safe sai ya shafa ta ya ce, Hajiya yi haƙuri, yau kaɗai."

Wallahi na manta. Shekara da shekaru ina tuna ranar da muka gudu, ina tuna gadon asibiti, amma na manta Hajiya. Da ya faɗa sai na ji muryar Baba sak, da yadda yake jan igiyar yana cije leɓe. Na juya baya na rufe fuska da mayafi. Muzammil bai ce in yi haƙuri ba, bai matso ba, ya tsaya kawai har na gama.

Kaka ta kira ni da hannu. Na je na zauna a gefen tabarma, ta kama yatsuna tana murzawa, ta yi ƙasa da murya.

"Ina jin abin da kike gaya wa uwarki. Wai saboda ni."

"Kaka..."

"Ni an ɗora ni kan gora na bar uwata tana kallo, ban mutu ba, ita ma ba ranar ta mutu ba. In kina son mai farar riga, ki bi shi. In wancan dogon ne, ki jira shi ya koyi magana. In ba ko ɗaya, ki faɗa da bakinki. Amma ki cire sunana a ciki. Na gaji da zama katanga."

Na ɗaga kai, idona ya faɗa cikin na Abbakar. Yana tsaye can yana haɗa kan ƴan makaranta, amma mu yake kallo. Ya kawar da kai da sauri ya ce lokaci ya yi.

A hanyar komawa Firdausi ta saƙalo hannuna. "Kin san tun yaushe Mushe yake zarya wurin sojoji saboda tafiyar nan? Sun hana shi, ya koma, sun hana shi, ya koma. Ranar da kika ce Kaka tana mafarkin kogi, ranar ya fara. Ni na ji da kunnena yana cewa ko mutum biyar aka yarda wa, in dai da tsohuwar a ciki, ya isa."

"Don Kaka ya yi."

"To. Don Kaka."

Mun wuce shinge da sauran rana. Muzammil ya raka mu har ƙofar gida, shaddarsa ta koma kalar gona daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya taimaka wa Kaka ta sauka daga keke, sannan ya ce mini jibi zai koma Yamai.

"Gobe bayan la'asar zan zo gaida Baba Goni. Ba na matsa miki, Khairat. Ina dai so in hau mota na san inda na tsaya."

Na gyaɗa kai kawai.

Kaka ta kwanta ko lafayar ba ta cire ba, barci ya ɗauke ta tana murmushi. Na zauna a bakin gado ina kwance igiyar takalmi, salula ta yi ƙara. Abbakar. Na ɗauka tambayar da ya saba ce, na buɗe ba tare da wani tunani ba.

"Khairat, yau na ga abin da shiruna zai jawo mini. Ba ni da gida a Yamai, albashin malami gare ni, kin sani. Na yi magana da yayana Zubairu yanzu. In kin yarda, gobe bayan la'asar za mu zo gaida Baba Goni. In kin ce kada mu zo, ba za mu zo ba, kuma ba za ki ƙara jin maganar nan daga bakina ba."

Na karanta, na sake karantawa. Daga tsakar gida Ya Fati ta ɗaga murya ta ce Baba Goni yana zaure, yana son ganina yanzu.

Na rubuta "ka yi haƙuri", na goge. Na rubuta "ba gobe ba", na goge. Allah ya sani, har yanzu da nake ba ku labarin nan ban san ko shi zuciyata ta zaɓa ba, ko kuwa tsoron rufe ƙofar ne ya kama ni. Na dai rubuta kalma biyu, "Ku zo", na tura kafin in sake tunani.

Baba Goni yana zaune kan buzunsa da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi jikin Kaka, ya tambayi ruwa ko ya ja baya sosai. Sannan ya gyara murya.

"Uwarki ta gaya mini yaron nan ya zo. Gobe bayan la'asar ina da baƙo, ina so in san abin da zan ce masa."

Na dubi lakar da ta bushe a bakin zanena.

"Baba," na ce, "baƙin biyu ne."